Lokacin da Elementor ya cire marufi: nazarin gidan yanar da adonsa ke hannun fulogin

Gidan yanar gizon da za mu yi nazari a kansa irin wanda aka gina ne a kan WordPress, manhajar gina gidajen yanar gizo, kafin watan Agustan 2020. An tsara shafukansa da Elementor, wato manhajar gina shafi, sannan aka ɗora masa fulogin (ƙarin manhajar da ake ɗora wa WordPress) na ado, irin su YellowPencil ko Microthemer ko CSS Hero, domin a gyara abin da maginin shafin bai ba da damar gyarawa ba: tazarar da ke tsakanin katuna, inuwar maɓalli, kaurin layin da ke ƙarƙashin take, yadda jerin menu ke naɗewa a waya. Shekaru suka shuɗe komai na tafiya lafiya. Wata rana aka shiga ɗakin gudanarwa, aka tarar da jerin sabuntawa sun taru, aka danna su gaba ɗaya.

Gidan bai faɗi ba, babu farin allo, babu saƙon kuskure. Rubutu na nan, hotuna na nan. Amma katunan da ke jere uku-uku sun manne da juna, taken sashe ya koma launinsa na asali, a waya kuma rubutu ya taɓo gefen allo. Wani ado ya tsira, wani ya ɓace, kuma a kallon farko ba a ganin dalilin da ya raba su. Idan aka buɗe fulogin ɗin adon, duk ƙa'idojin da aka rubuta suna nan daram, ko ɗaya ba ta goge ba. Ga lasisin fulogin ɗin ya daɗe da ƙarewa, ko kuma tun asali a cikin jigon (theme, wato rigar gidan) da aka saya ya zo, babu lambar saye. Ga kuma fulogin na hanzarta shafi da aka kunna masa cire CSS (ƙa'idojin da ke ba shafi kamanninsa) marar amfani. Abubuwa uku ke nan da mai gida zai ɗauka daban-daban ne, dacewa da lasisi da sauri, alhali igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Abin da fulogin ɗin ke yi a zahiri

Fulogin na ado ba ya taɓa HTML ɗin shafi, wato ƙashin ginin shafin. Yana buɗe shafin a cikin wani firam, mai aiki ya danna abin da yake son gyarawa, shi kuma ya duba inda abin yake a cikin jerin akwatunan HTML, ya ƙirƙiro silekta, wato adireshin da CSS zai bi ya kai ga abin. Daga nan duk launi ko girma da aka zaɓa sai a rubuta shi a ƙarƙashin wannan adireshi. Microthemer, alal misali, yana tara sakamakon a fayil mai suna active-styles.css cikin jakar wp-content/micro-themes. YellowPencil kuma yana raba gyara gida uku: na shafi guda, na samfurin shafi, da na gidan baki ɗaya.

Matsalar tana cikin adireshin. Sunayen da fulogin ɗin ke amfani da su ba nasa ba ne, ba kuma na mai gida ba ne, na Elementor ne. A tsohon tsari, kafin a kai ga take guda ɗaya sai an ratsa .elementor-inner, a shiga .elementor-section-wrap, a shiga sashe, a shiga .elementor-container, a shiga .elementor-row, a shiga ginshiƙi, a shiga .elementor-column-wrap, a shiga .elementor-widget-wrap, a shiga wijet ɗin (tubalin da ke ɗauke da take ko hoto ko maɓalli), a shiga .elementor-widget-container, sannan a tarar da rubutun. Fulogin da aka bari ya zaɓi adireshi da kansa yakan kwaso biyu ko uku daga waɗannan sunaye, wani lokaci har da alamar > wadda ke nufin lallai ɗa ne na kai tsaye, wani lokaci da nth-child mai ƙirga na nawa ne a cikin 'yan'uwansa. Kamar mai fenti ne da aka ce masa ya shafa shuɗi a ɗaki na uku bayan zaure na biyu, sai magini ya zo ya rushe zauren. Ɗakin na nan, fentin na nan, kwatancen ne ya mutu.

Akwai kuma nau'i na biyu na adireshi, mai kama da abin dogaro amma ba haka yake ba. Elementor yana ba kowane abu lamba ta haruffa da alƙaluma bakwai, ta fito a matsayin .elementor-element-a1b2c3d, kuma yana naɗe shafin duka da lambar shafi, kamar .elementor-12. Wannan lamba tana nan muddin abin yana nan. Amma da zarar an kwafi sashe, ko an shigo da samfuri daga wani gida, ko an goge wijet an sake jawo irinsa, sabuwar lamba ake bayarwa. Adon da aka rataya a tsohuwar lambar ba zai bi kwafin ba.

Abin da Elementor ya cire, da kuma dalili

Ba ɓarna Elementor ya yi ba. Yawan akwatunan da ke cikin juna, wato marufai, nauyi ne ga burauza, kuma Lighthouse, ma'aunin saurin shafi na Google, ya kasance yana fara gargaɗi idan shafi ya haura kimanin akwati 800, ya kira shi matsala idan ya haura kimanin 1,400. Don haka a sigar 3.0, wadda ta fito a Agustan 2020, aka fara rage su. An cire .elementor-inner da .elementor-row da .elementor-column-wrap. A 3.2 aka cire .elementor-image da .elementor-text-editor. A 3.6, cikin 2022, aka cire .elementor-section-wrap, kuma a wannan siga ce aka fara gwajin Flexbox Container, wanda ya zo ya maye gurbin tsarin sashe da ginshiƙi, da sunayensa .e-con da .e-con-inner. Daga baya aka kawo Optimized Markup wanda ke cire .elementor-widget-container daga cikin wijet.

Abin da ya sa lamarin ke zuwa wa mutane ba zato shi ne yadda aka shigo da sauyin. An sa shi a bayan makunni mai suna Optimized DOM Output. Sabbin gidaje suna samunsa a kunne, tsofaffi kuma aka bar su a tsohon tsari don kada su karye. Wannan kyakkyawar niyya ce, amma ta jinkirta ciwon ne kawai. Gidan da aka gina a 2019 zai iya shan sabuntawa iri-iri ba abin da ya motsa, har zuwa ranar da aka haɗe tsarin cikin ainihin Elementor aka cire makunnin. A ranar ce duk wata ƙa'ida mai ɗauke da .elementor-row ko .elementor-column-wrap ta daina samun abin da za ta kama. CSS kuwa ba ya kuka idan silekta bai sami komai ba, shiru yake yi. Shi ya sa babu kuskure a kundin saba (kwamfutar da ke ɗauke da gidan), babu ja a na'urar binciken burauza.

Wannan ne kuma ya bayyana dalilin da wani ado ya tsira. Ƙa'idar da aka rataya a .elementor-button ko .elementor-heading-title tana aiki, domin sunayen nan ba a taɓa su ba. Wadda ta bi ta cikin marufin da aka cire ita ce ta mutu.

Bincike da gyara

Matakin farko shi ne a daina taɓa gidan da jama'a ke gani. A ɗauki cikakken ajiya na fayiloli da rumbun bayanai, a buɗe kwafin gwaji. Idan dole sai an kwantar da hankalin mai gida nan take, Elementor yana da Version Control a ƙarƙashin Tools, inda ake komawa tsohuwar siga. A tuna cewa Elementor Pro da na kyauta tare suke tafiya. Mayar da ɗaya baya a bar ɗaya a gaba yakan haifar da babban kuskuren PHP. Komawa bayan nan numfashi ne na 'yan kwanaki, ba wurin zama ba, domin tsohuwar siga tana ɗauke da ramukan tsaron da aka toshe a sabuwa.

Kafin a zargi silekta, a kawar da zargin ajiyar wucin gadi. Elementor yana rubuta CSS ɗin kowane shafi a wp-content/uploads/elementor/css, da suna kamar post-12.css. A sake ƙirƙirar su daga Tools, a share ajiyar fulogin na hanzari, a share ta saba, a share ta Cloudflare (hidimar da ke tsakanin saba da masu ziyara) idan akwai, a wannan jeri, daga ciki zuwa waje. Wanda ya fara daga waje zai sa Cloudflare ya sake ɗaukar tsohon fayil. Idan bayan haka adon bai dawo ba, to silekta ne.

Sai a fitar da dukkan CSS ɗin fulogin ɗin zuwa fayil guda, a nemi sunayen nan shida da aka cire daga 3.0 zuwa 3.6, ɗaya bayan ɗaya. Duk layin da ya ƙunshi ɗayansu ya mutu. Ga sauran da ake shakka, a buɗe shafin, a shiga Console na burauza, a rubuta document.querySelectorAll da silektan a ciki, a ƙara .length a ƙarshe. Idan ya ba da sifili a duk shafukan da ya kamata ya yi aiki, shi ma ya mutu. A yi hattara da waɗanda ke aiki sai an yi wani motsi, kamar buɗe menu ko gangara ƙasa. Sai a yi motsin tukuna a gwada.

A nan ne ake yanke shawarar da ta fi kowace muhimmanci. Hanya mai sauƙi ita ce a goge sunan da ya mutu daga tsakiyar silektan, ko a sake danna abin da fulogin ɗin ya ƙirƙiro sabon adireshi. Za ta yi aiki yau. Amma ta mayar da gidan inda ya fito, yana jiran sauyi na gaba, kuma sauyin na tafe ko da ta hanyar mayar da sassa zuwa kwantena ne, inda maɓallin Convert ke yin kwafi mai sabbin lambobi. Hanyar da ta dace ita ce mai gida ya raɗa nasa sunaye. Kowane wijet da kowane sashe a Elementor, har a na kyauta, yana da gurbin CSS Classes a ƙarƙashin Advanced. A rubuta suna mai ma'ana kamar katin-hidima ko taken-sashe, a rataya adon a kansa. Silektan ya zama gajere, matakai biyu ko uku, na farko naka, na ƙarshe sunan ainihin abin da ake gyarawa, ba tare da > ko nth-child a tsakani ba sai in babu makawa. Sunan da ka raɗa yana bin kwafi, yana bin samfuri, kuma babu sabuntawar da za ta cire shi.

Sai dai gajeren silekta yana zuwa da nasa ƙalubalen, wato nauyi. Idan ƙa'idoji biyu suka yi karo a kan abu ɗaya, burauza tana ƙirga sunayen da ke cikin kowace, mai yawa ta ci. Wanda Elementor ke rubutawa idan an zaɓi launin take daga cikin allonsa yana da sunaye huɗu: .elementor-12 .elementor-element.elementor-element-a1b2c3d .elementor-heading-title. Naka, .taken-sashe .elementor-heading-title, biyu ne kacal. Zai sha kaye ko da shi aka loda a ƙarshe. Saboda wannan ne wasu fuloginan ado ke da zaɓin liƙa !important a kowace ƙa'ida, kuma mutane da yawa ke kunna shi. Ba mu ba da shawarar haka ba. Ranar da mai gida ya shiga Elementor ya canza launi bai ga ya canza ba, zai ɗauka maginin ya lalace, kuma duk wanda zai gyara daga baya sai ya yaƙi !important da wani !important ɗin. Maganin da ya fi tsafta shi ne a koma cikin wijet ɗin a share ƙimar da aka sa masa, ya koma babu komai, yadda Elementor ba zai rubuta tasa ƙa'idar ba sam. Kowace sifa ta kasance da mai ita guda: ko magini, ko fayil ɗin ado, ba duka biyun ba.

Ga launuka da haruffa, tun 3.0 Elementor yana fitar da su a matsayin masu canji na CSS, irin su --e-global-color-primary da --e-global-color-accent. A yi amfani da su a cikin ƙa'idojin ado a maimakon sake rubuta lambar launi. Ranar da aka canza launin kamfani a Site Settings, adon zai bi.

Wani abu ƙarami da ke cin lokaci shi ne iyakar faɗin allo. Elementor yana ɗaukar waya daga fiksel 767 zuwa ƙasa, kwamfutar hannu (tablet) daga 1024 zuwa ƙasa. Sauran magina shafi suna da nasu: Divi 980 yake amfani da shi, Bricks kuma 991 da 767 da 478. Idan fulogin ɗin ado ya zo da nasa iyakoki, ko wani ya rubuta 768 a maimakon 767, to a allon da faɗinsa 768 ne daidai, wanda shi ne faɗin tsofaffin iPad a tsaye, magini zai jera ginshiƙai irin na kwamfutar hannu yayin da ado ke ba su tazarar waya. Fiksel ɗaya ne, amma a na'urar da mutane ke riƙe da ita ya faɗa. A shiga saitin fulogin ɗin a daidaita lambobinsa da na magini kafin a rubuta ko da layi guda na waya.

Idan kuma editan fulogin ɗin ne ya ƙi buɗewa, yawanci firam ne aka toshe. A duba ko saba na aika X-Frame-Options da ƙimar DENY, a mayar da shi SAMEORIGIN. A duba ko adiresoshin gida biyu da ke Settings sun yi daidai, ba ɗaya da www ɗaya babu ba, ba ɗaya http ɗaya https ba. Rocket Loader na Cloudflare yana jinkirta JavaScript, a kashe shi ga ɗakin gudanarwa. Idan ajiye gyara na dawo da kuskuren 403, mai yiwuwa ModSecurity, katangar tsaron saba, ne ya ɗauki CSS ɗin da ake aikawa a matsayin hari, sai an yi magana da masu saba.

Abin da lasisi ke saya

WordPress yana ƙarƙashin GPL, lasisin da ke ba da damar kwafa da gyara da raba manhaja, siga ta 2 ko wadda ta biyo baya, kuma duk fulogin da ke rumbun WordPress.org dole lasisinsa ya dace da ita. Wannan ya sa ake yawan cewa ai fulogin kyauta ne a shari'a, kuɗin banza ake karɓa. Maganar rabi ce. A kasuwar CodeCanyon ta Envato, inda ake sayar da YellowPencil, yawancin kaya lasisinsu a rabe yake: PHP ɗin GPL ne, sauran kamar hotuna da CSS da JavaScript suna ƙarƙashin sharuɗɗan Envato, sai in mai kayan ya zaɓi GPL ɗari bisa ɗari. Regular License na aiki ɗaya ne, wato gida guda, tare da tallafin wata 6 da za a iya tsawaitawa zuwa 12. Mai gina wa mutane gidaje goma lasisi goma ke kansa. Masu sayarwa a nasu shagon kuma suna da nasu tsari, na shekara-shekara ko na har abada, da adadin gidajen da mabuɗi ɗaya zai ɗauka, kuma ya kamata a duba ko kwafin gwaji na shiga ƙidaya.

Amma a aikace, abin da mabuɗin ke buɗewa shi ne bututun sabuntawa. Ga fulogin da rayuwarsa ta dogara da HTML ɗin wani, sabuntawa ita ce dacewa. Agustan 2020 kaɗai ya ishi misali: a wata ɗaya WordPress 5.5 ya daina loda jQuery Migrate, wanda ke tallafa wa tsohon JavaScript, Elementor kuma ya fitar da 3.0. Fulogin da bai sami sabuwar siga a lokacin ba, editansa na iya tsayawa cak ko da CSS ɗin da ya riga ya rubuta na ci gaba da fita.

Sabuntawa kuma ita ce tsaro. A Afrilun 2019 aka rufe YellowPencil a rumbun WordPress.org, a lokacin yana kan gidaje sama da 30,000. An bayyana wani rami a cikinsa da ke ba wanda bai ma shiga ba ikon mai gudanarwa, har ya canza saitin gida. Wordfence, kamfanin tsaron WordPress, ta ba da rahoton ana amfani da ramin a zahiri: maharan suna canza adireshin gida a rumbun bayanai, duk mai ziyara a wuce da shi wani wuri. An toshe shi a siga 7.2.0. Abin lura shi ne fulogin na launi da tazara ne, ba na biyan kuɗi ko rajista ba, amma da yake yana gudana da PHP a kowace buƙata, raminsa ramin gida ne duka. Wanda ke da hanyar sabuntawa ya tsira cikin kwanaki. Wanda ba shi da ita ya zauna a buɗe.

Fulogin da ya zo cikin jigo ya fi shiga wannan hali. Mai jigon ne ke riƙe da lasisi, mai saye ba shi da lambar saye, don haka sabuwar siga ba ta zuwa sai mai jigon ya ga dama ya saka ta a sabuntawar jigonsa. Haka ta faru da fulogin Slider Revolution a 2014: an gyara ramin tun farkon shekara, amma ɗimbin gidajen da suka same shi cikin jigo ba su sani ba, har harin SoakSoak ya kama sama da 100,000 a Disamba. Idan ado na dogara da fulogin irin wannan, a sayi lasisinsa kai tsaye.

Su kuwa kwafin da aka fasa ake rabawa kyauta, a nisance su. WP-VCD, mugun shirin kutse wanda Wordfence ta yi dogon bayani a kansa a 2019, ta nan yake yaɗuwa. Yana zuwa a fayil mai suna class.plugin-modules.php ko class.theme-modules.php, ya dasa wp-vcd.php a wp-includes, ya cusa kansa a functions.php na duk jigogin da ke gidan. Mun san abin da ke tura masu gina gidaje a Kano da Kaduna da sauran garuruwan Najeriya zuwa ga irin wannan: dala ake biya, kuma daga ƙarshen 2022 bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira na tsawon lokaci, lasisi da yawa suka mutu ba da son masu su ba. Uzuri ne na gaskiya. Amma mafita a irin wannan hali ita ce a fitar da CSS a cire fulogin, ba a ɗauko fasasshe ba.

Sannan a rubuta a yarjejeniya sunan wa lasisin yake. Idan mabuɗin na mai gini ne kuma hulɗa ta ƙare, mai gida ya rasa sabuntawa ba tare da ya sani ba.

Sauri

CSS yana tare zanen shafi: burauza ba ta nuna komai sai ta sauke ta karanta duk fayilolin CSS da ke kan shafin. Ma'aunan Google uku su ne LCP (lokacin bayyanar abu mafi girma a shafi) kada ya wuce daƙiƙa 2.5, CLS (gocewar abubuwa yayin lodawa) kada ya wuce 0.1, da INP (saurin amsa dannawa) kada ya wuce milidaƙiƙa 200, wanda ya maye gurbin tsohon ma'auni FID a Maris 2024. Lighthouse yana gwada waya ne da layi mai gudun kimanin megabit 1.6 da jinkirin milidaƙiƙa 150, yana kuma rage ƙarfin na'ura ninki huɗu. A irin wannan layi kowane ƙarin fayil ana jin sa.

Fayil ɗin ado guda, idan an matse shi da gzip ko Brotli, ba shi ne babban nauyi ba. Nauyin yana zuwa ne daga abin da ya taru: ƙa'idojin da suka mutu, gyaran shafi ɗaya da aka ajiye a matsayin na gida duka, da ƙa'ida ɗaya da aka maimaita wa katuna goma sha biyu kowanne da lambarsa. Komawa ga sunayen kai yana rage wannan da kansa, domin ƙa'idoji goma sha biyu sun zama ɗaya. Shafin Coverage a kayan binciken Chrome yana nuna kason da ba a yi amfani da shi ba a kowane fayil. A duba kuma ko fulogin ɗin na loda JavaScript ga masu ziyara. Idan ba a yi amfani da motsi ko rayarwarsa ba, babu dalili. A rumbun bayanai, a duba teburin wp_options ko tarihin gyare-gyare na cikin abin da ake lodawa kai tsaye a kowace buƙata. Tun WordPress 6.6, Site Health yana gargaɗi idan jimillarsu ta wuce kilobait 800.

Inda sauri ke karo da ado shi ne cire CSS marar amfani, ko na WP Rocket ko UCSS na LiteSpeed Cache. Waɗannan suna duba shafi a yanayin da ya buɗe, su jefar da duk ƙa'idar da ba ta kama komai ba. Amma akwai sunayen da JavaScript ke liƙawa daga baya: .elementor-sticky--effects sai an gangara, .elementor-active sai an buɗe menu ko tab, .swiper-slide-active yayin da hotuna ke juyawa. Adon da ke kansu sai a share shi. Alamarsa ita ce mai gudanarwa yana ganin komai daidai, domin ba a ba wanda ya shiga shafin da aka tace, baƙo kuma yana ganin kan shafi ba launi. Shi ya sa gwaji na gaskiya a tagar sirri ake yin sa. Maganin shi ne jerin kariya, CSS Safelist a WP Rocket, Allowlist a LiteSpeed. A nan ma sunan kai na da amfani: idan duk sunayenka sun fara da harafi biyu ko uku iri ɗaya, kare su ya zo da sauƙi. Kuma bayan kowane gyaran ado sai an share CSS ɗin da aka tace, in ba haka ba sabon gyara ba zai fito ba. Haɗe fayiloli wuri ɗaya kuwa, a saba mai HTTP/2 ribarsa kaɗan ce, kuma yana iya sauya jerin lodawa ya juyar da wanda ke cin wani.

Haruffa ma a duba su. Idan Elementor na loda wani nau'i daga Google Fonts, fulogin ɗin ado kuma na loda shi daban, buƙata biyu ke nan a kan abu ɗaya. A bar wa ɗaya. Ga gidan da ke rubutu da Hausa akwai ƙarin dubawa: ba kowane nau'in harafi ke da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba. Idan babu, burauza za ta aro su daga wani nau'in, su fito a karkace a tsakiyar kalma. A gwada manya da ƙananansu, da kauri da siriri, kafin a zaɓa. Noto Sans da Andika suna da su.

Ko a bar fulogin ɗin ko a cire

Idan har yanzu ana gyaran ado a kai a kai kuma lasisi na raye, a bar shi, da sharaɗin a hana shi ƙirƙirar dogayen silektoci, a kashe sabuntawa ta kai tsaye ga Elementor da shi kansa, a riƙa gwada kowace babbar siga a kwafin gwaji tukuna, ana karanta bayanin masu haɓakawa don ganin ko an cire wani marufi.

Idan kuwa ado ya zauna, ba a taɓa shi sai jefi-jefi, to a kwashe CSS ɗin da aka tsaftace zuwa fayil a cikin ɗan jigo (child theme), ba ainihin jigo ba, domin sabuntawa na share abin da aka rubuta a babban. A loda shi da wp_enqueue_style a kan wp_enqueue_scripts da lambar fifiko babba, kamar 999, don ya zo bayan na Elementor, a sa filemtime a matsayin lambar siga yadda burauza za ta ɗauki sabo duk lokacin da aka gyara. Ƙa'idojin da a da na shafi guda ne sai a sa musu .page-id da lambar shafin a gaba, tunda fulogin ɗin ne ke yin wannan rabon. A duba hanyoyin hotunan bango da ke cikin url, domin fayil ya sauya jaka. A kashe fulogin ɗin a kwafin gwaji, a kwatanta shafukan a faɗin 360 da 767 da 768 da 1024 da 1025, a tagar sirri, sannan a goge shi gaba ɗaya daga saba, domin fayilolin fulogin da aka kashe ba a goge ba suna nan zaune a inda ake iya kaiwa gare su.